Gardamar Zangon Agege Kan Shata Na Faifai Da Shata Na Kaset

A zangon Hausawa na Agege, can ƙasar Ikko, akwai wata gardama da ta girme wa yawancin samarin da ke kai da kawowa a unguwar yau, har yanzu kuwa ba a kashe ta ba. Takan tashi ne da dare a teburin mai shayi, ko da hantsi a rumfar 'yan goro in ciniki ya yi sanyi, da zarar wani ya kunna waƙar marigayi Alhaji Mamman Shata Katsina. In muryar da ta fito ta faifai ce, watau ta zamanin da yake da cikakken ƙarfinsa, sai wuri ya yi tsit, kowa na kaɗa kai. In kuwa irin wadda aka ɗauka a kaset ce cikin shekaru goman ƙarshe na rayuwarsa, kafin 'yan amshi su karɓa sau uku jama'a ta rabu biyu. Wannan ya ce a canja, wancan ya ce duk wanda ya taɓa ta zai gamu da shi.

Babu mai ja da cewa Shata gwani ne. Abin da ake ja a kai shi ne, shin gwanin ne bai san lokacin da ya kamata ya ajiye ba, ko kuwa masu saurare ne suka kasa binsa zuwa inda ya kai.

Mai karatu na iya mamakin yadda aka yi maganar mawaƙin Funtuwa ta zama abin ɗaga jijiyar wuya a wuri mai nisa haka. Goro ne ya kai Hausawa Agege. Tun farkon ƙarnin da ya shige manoman wannan yanki suka dasa goro da koko, ga kuma hanyar jirgin ƙasa ta ratsa garin, ta isa Badun a 1901, zuwa 1912 an haɗa ta da Kano. Fataken da kakanninsu ke yin watanni a hanyar Gwanja da jakuna suka ga abin nema ya samu, suka kafa zango kusa da tasha, suka naɗa sarkinsu, suka gina masallatai, suna ɗaure huhu suna loda wa jirgi. Daga baya mahauta da dillalan shanu suka biyo, sa'an nan direbobin manyan motoci, da masu gadi, da 'yan canji, da 'yan gwari. Wanda bai sauka Agege ba ya sauka Idi-Araba, ko Obalende, ko Mile 12, ko Alaba Rago. Kusan kowanensu ya baro gida ne da niyyar ya yi rani biyu ko uku ya koma. Da yawa sun yi shekara arba'in, sun aurar da 'ya'ya a can, waɗansu ma a can aka binne su.

Mutumin da ke cikin wannan hali ba ya jin waƙar gida yadda mazaunin gida ke jin ta. Tun da aka buɗe gidan rediyon Kaduna a 1962, ɗan Arewa a Ikko yakan yi ta murɗa akwatinsa da dare yana neman tashar, in ya dace ya ji an gai da mutanen garinsu a filin zaɓi-sonka, a biyo da kalangu. Cikin dukan mawaƙan da ake sakawa kuwa, da wuya a sami wanda mutanen zango suka riƙa nasu kamar Shata. Ya yi wa sarakuna waƙa, musamman Sarkin Daura Alhaji Muhammadu Bashar, amma ya yi wa direba, ya yi wa falke, ya yi wa dogari, ya yi wa manomi. Bugu da ƙari shi ma tsohon ɗan goro ne. An haife shi a Musawa a 1923, ya yi tallan goro yana saurayi, labarin da aka fi bayarwa game da sunansa kuwa shi ne, yakan rabar da kuɗin cinikin a hanya ya koma gida hannu rabbana, in an tambaye shi ya ce ya yi shata da su. 'Yan goron Agege na son wannan labari ƙwarai, ko da yake babu ɗayansu da zai so yaron rumfarsa ya yi koyi da shi.

To, Shatan da waɗannan mutane suka sani suka haddace, Shatan faifai ne. Manyan kamfanonin faifai na wancan zamani, EMI da Decca da Philips wanda daga baya ya koma PolyGram, duk a Ikko suke da mazauni, EMI kuwa ya fitar da fayafayan Shata da dama. Faifai yana da wata doka da ba ya ɗaga wa kowa. Na garmaho minti uku ne ko ɗan fiye a kowane gefe, babban faifan da ya zo daga baya kuwa minti ashirin ne ko kusa da haka. Mawaƙin da ya saba kwana yana waƙa a dandali tilas ya tattara maganarsa, ya sheƙe ƙaiƙayi, ya kawo tsaba. In murya ta shaƙe a ranar, a ɗaga aiki. In kalangu ya saki, a sake ɗauka. Abin da bai yi kyau ba ba ya fita daga ɗakin ɗaukar murya. Da aka biya ƙarin albashi na Udoji a 1975, kuɗi suka yawaita a hannun ma'aikata har suka gangaro kan 'yan kasuwa, gidan da ba a taɓa ganin rediyo mai faifai ba aka gan shi. A irin waɗannan shekaru ne waƙar Umaru Ɗanɗanduna, da ta Hassan Sarkin Dogarai, da Gagarabadau, da ta kumbon Apollo 11 wanda ya kai mutum duniyar wata a 1969, da uwa-uba Bakandamiya, suka zauna daram a kunnen mutanen zango.

Masu kushe kaset ɗin ƙarshe da wannan mudu suke awo. Ƙorafinsu na farko murya ce. Sun ce amon nan da ke tashi sama da kalangai ya keta taro ya ragu, numfashi ya gajarta, inda a da yakan jero ɗa mai tsawo a numfashi guda, yanzu sai ya yanka shi biyu, ya bar 'yan amshi su yi ta maimaita gindin waƙa kafin ya dawo. Wannan ba ƙarya ba ne. Mutumin da ya haura shekara saba'in, wanda ya yi fiye da hamsin daga cikinsu yana waƙa a fili cikin ƙura da sanyin hunturu, da farko ma babu ko lasifika, ba za a ce maƙogwaronsa na nan kamar na ɗan shekara talatin ba.

Amma abin da ya fi ɓata musu rai shi ne jerin sunaye. A sa kaset mai minti sittin, a ji kusan rabinsa godiya ce ga waɗansu alhazai da 'yan kwangila da shugabannin ƙananan hukumomi waɗanda ba wanda ya san su a Agege, yau ma ko a garuruwansu an fara mantawa da su. A ganin masu wannan ra'ayi waƙa ta koma roƙo tsagwaronsa. Suna kuma cewa ya daina ƙirƙira, sai juya tsofaffi yake yi, musamman Bakandamiya, wadda ya rera sau da yawa a wurare dabam-dabam, kowace da abin da aka ƙara ko aka rage. Akwai kuma waɗanda siyasa ce ta raba su da shi. Da gwamnatin Janar Babangida ta kafa jam'iyyu biyu a 1989, Shata ya shiga SDP har ya zama shugabanta a ƙaramar hukumar Funtuwa kafin a sauke shi. Ɗan NRC na zango, wanda jiya ba ya barci sai ya ji kalangu, sai ya wayi gari muryar ta dushe masa. Kunne ma yana da jam'iyya.

Akwai wani dalili cikin tsarin kiɗan kansa da ya sa tsufa ya fi bayyana ga Shata fiye da waɗansu takwarorinsa, masu gardamar kuwa ba su cika kula da shi ba. A ƙungiyar makaɗan fada irin ta Alhaji Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, an tsara waƙa tun a gida, 'yan amshi sun haddace ta. Jagora ya ɗauko ɗa ya faɗi rabinsa, su karɓe su ƙarasa, su yi ƙari, su yi karɓeɓeniya tsakaninsu, kotso na tafe da su. In jagora ya tsufa muryoyin yaransa kan rufa masa asiri, har ma tsufan ya ƙara wa waƙar kwarjini. Tsarin Shata ba haka yake ba. 'Yan amshinsa magana ɗaya suke riƙewa tun daga farko har ƙarshe, ba su ƙarawa ba su ragewa. Duk sauran nauyin, da zaɓen kalma, da kirari, da habaici, da barkwanci, a kansa yake shi kaɗai, nan take kuma yake ƙago shi, domin an san shi ba ya zama ya shirya waƙa kafin ya fito. Wannan tsari shi ya ba shi sakewar da makaɗin fada ba ya samu, ya juya waƙa inda ya ga dama, ya tsokani wanda ya shigo yanzu-yanzu. Shi ne kuma ya bar shi a tsakiyar fili ba inuwa ranar da ƙarfi ya fara ja da baya.

Ɗaya ɓangaren, wanda ba a rasa dattawan 'yan goro a cikinsa, da harshen sana'arsu suke ba da amsa. Sukan ce yaro ne ke ɗokin sabon goro saboda ruwansa da ƙarar da yake yi a baki. Wanda ya san goro daushe yake nema, wanda ya shekara a huhu, ruwansa ya tsane, ɗacinsa ya kwanta, ya bar garɗi, shi ya sa ma ya fi tsada. A wurinsu Shatan ƙarshe daushe ne. Abin da ya rasa na amo ya mayar da shi a sanin inda ake ajiye kalma. Sukan nuna yadda yake barin amshi ya zagayo sau biyu ko uku bai ce uffan ba, taro ya ƙosa, sa'an nan ya jefo 'yar magana gajeriya wadda za ta sa wuri ya ruɗe. Abin da masu kushe ke kira gajiya, su a wurinsu jan rai ne na wanda ya tabbata babu mai tashi sai ya gama.

Hujjarsu mafi ƙarfi kuwa a kan Bakandamiya take, watau daidai inda ake zarginsa da maimaici. Bakandamiya waƙar kirarin kai ce, inda mawaƙi ke faɗin fifikonsa a kan sauran mawaƙa, da wuraren da ya taka, da abin da ya gagari waɗansu shi bai gagare shi ba. A bakin mai shekara arba'in wannan cika baki ne da neman abokin karawa, mai saurare na jin daɗinsa ne kamar yadda ake jin daɗin kirarin ɗan dambe kafin a gwabza. A bakin mai shekara saba'in da 'yan kai, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba digirin girmamawa a 1988, wanda kuma da yawa daga abokan zamaninsa suka riga shi gidan gaskiya, kalmomin nan ɗin dai sun zama lissafin abin da ya riga ya tabbata. Babu sauran wanda ake tsokana. Duk wanda ya saurari ta faifai ya bi ta da ta ƙarshe a zama ɗaya, zai ji waƙa biyu ce da amshi guda. Ta farkon kan sa ƙafa ta motsa. Ta biyun tana da wani nauyi da kan sa dattijo ya yi shiru ya dubi ƙasa, shayinsa ya huce bai sani ba.

Duk da haka, in za a yi adalci, ɓangarorin biyu sun tsallake wani abu, 'yan goro ne kuwa ya kamata su fara ganinsa. Goro ba ya zama daushe don ya daɗe kawai. Sai an riƙa kwance huhu ana tsince shi, a fid da mai sankara, a sake ganye, a mayar a ɗaure. Fayafayan Shata tsintattu ne. Kamfani ya tsince, gidan rediyo ya sake tsincewa, shekaru suka ƙara tsincewa. Kaset ɗin ƙarshe kuwa ba wanda ya tsince su. Har kiran su da sunan aikin da mawaƙi ya fitar ma akwai gyara, domin yawancinsu ba shi ya fitar ba.

Ga yadda abin ya faru. Kaset ya bazu a ƙasar nan daga ƙarshen shekarun 1970, ya zo da abin da faifai ba shi da shi, watau kowa na iya ɗauka, kowa na iya kwafa. Mai rikoda biyu da 'yar igiya a rumfar kasuwa ya zama kamfani. Da shirin gyaran tattalin arziki na SAP ya zo a 1986, darajar naira ta faɗi, kayan buga faifai suka gagara saye, Turawan kamfanonin nan suka sayar da hannun jarinsu suka tafi, EMI ya koma Ivory Music, PolyGram ya koma Premier. Dokar haƙƙin mallaka da aka kafa a 1988 ba ta hana mai rumfa kwafa ba. Daga nan waƙar Shata ta riƙa isowa Agege ta wata hanya dabam. Ana biki ko naɗin sarauta a wani gari a Arewa, wani ya ajiye rikoda kusa da lasifika, ta kwashi waƙa haɗe da kukan janareto da guɗa da muryar sanƙira da hayaniyar yara. A kai kaset ɗin Kano ko Kaduna a kwafa, a kwafi kwafin, direban tirela ya jefa a aljihu ya sauke shi Agege ko Apapa bayan kwana biyu ko uku. Kafin ya iso kunnen mai saurare an juye shi sau da yawa, kowane juyi kuwa yana cinye amon sama ya bar gunji. Kaso mai yawa na dushewar da ake ɗora wa maƙogwaron Shata, ta zaren kaset ce.

Jerin sunayen nan ma a nan asalinsa yake. Shata bai dogara da cinikin faifai ba. Abincinsa a fili yake, a hannun masu biki da masu kyauta, riga da doki da mota da kuɗi. Godiya ga wanda ya bayar ita ce rasidin sana'ar, haka ake yi a dandali tun kafin a haife shi. Bambancin kawai shi ne, faifai ba shi da wurin ɗaukar wannan godiya, kaset mai minti casa'in kuwa yana da shi har da saura. Mutumin Agege da ke ƙorafi, in an duba, bikin waɗansu yake saurare ta taga, bikin da ba a gayyace shi ba, ba kuma dominsa aka yi waƙar ba.

Abin takaici shi ne maƙwabtansa Yarabawa sun nuna wata hanyar tun da wuri. Haruna Ishola, gwanin kiɗan apala, ya kafa kamfanin faifai na STAR tun 1969. Sunny Ade ya rabu da kamfanin African Songs na Cif Bolarinwa Abioro a tsakiyar shekarun 1970, magana har gaban kotu, ya kafa nasa. Sikiru Ayinde Barrister, wanda kiɗansa na fuji ke tashi daga shagunan Agege a waɗancan shekaru, yana fitar da kaset da suna da hoto. Su ma magoya bayansu sun yi ta musu a kan ayyukansu na baya-baya, kamar yadda aka yi sa'ad da Ebenezer Obey ya koma waƙoƙin coci a farkon shekarun 1990. Sai dai su suna musu ne a kan abin da mawaƙi ya zaɓa da kansa, ya sa hannu, ya ce ga shi nan. Kaset ɗin Shata kuwa sau da yawa mai rumfa ne ke raɗa masa suna da biro a jikin kwali.

Wannan bai wanke kowane kaset ba. Ba a rasa daren da jiki ya ƙi, ko nishaɗi bai zo ba, mawaƙi ya fito don an riga an yi alkawari, ya yi abin da ya sawwaƙa ya tafi. Mai waƙar nan-take tilas wata rana ta ba shi wata ta hana shi. Tun yana da ƙarfi ma haka abin yake, sai dai a da babu mai rikoda a wurin. Masoyin da ya ce duk abin da ya fito daga bakin Shata zinariya ne bai taimaki Shata da kome ba, ya dai mai da kansa ɗan amshi.

Saura abu guda da ba a cika faɗa a teburin mai shayi ba, domin ya shafi masu gardamar su kansu. Shatan faifai ya zo wa mutanen zango ne a shekarun da kuɗin man fetur ke gudana, naira ta fi dala daraja, Ikko ce hedkwatar ƙasa, ɗan Arewa na da ɗan'uwa a kowace ma'aikata da kowane bariki, shi kuma yana saurayi da sabon agogo. Shatan kaset ya zo ne lokacin da kaya suka yi tsada, aka ɗauke hedkwata zuwa Abuja a watan Disamba 1991, aka soke zaɓen 12 ga Yuni 1993 mutane suka yi ta ɗaure kaya suna tura iyali gida don tsoron abin da zai biyo baya. Shata ya rasu a Kano ranar Juma'a 18 ga Yuni 1999, aka binne shi a Daura. Wata biyar bayan haka aka yi rikicin Ketu da kasuwar Mile 12, a 2002 kuma na Idi-Araba. Wanda ya yi nisa da gida so yake ya kunna rikoda ya tarar da gida yadda ya baro shi. Muryar da ta tsufa kuwa gaya masa take yi can ma rana ta yi, iyayen da ya bari sun tafi, abokan da suka yi dandali tare sun yi furfura, shi ma in ya koma baƙo ne. Ba kowa ke iya jure jin wannan bayan wunin ciniki ba. Waɗansu kuma tun da wa'azi ya yawaita suka koma sahun gaba a masallaci, waƙar mashaya da suka taka rawa da ita a 1975 yanzu kunyarta suke ji, sai su ga laifin tsohon da bai daina ba sa'ad da su suka daina.

Da gardamar ta tsaya a fatar baki, da ba kome. Amma yanzu ita ce ke yanke abin da zai saura. Rikoda ta ɓace daga rumfuna, waƙa ta koma cikin waya. Yaron da ke tura waƙoƙi a memori a bakin tasha ba ya tura sai abin da aka tambaya, abin da ake tambaya kuwa 'yan sanannun nan ne na zamanin faifai, a YouTube ma su suka fi yawo. Shata da kansa bai san adadin waƙoƙinsa ba. Masana sun yi nasu ƙoƙari, tun daga binciken digirin Ɗandatti Abdulƙadir a Jami'ar Indiana ta Amurka a 1975, har zuwa littafin Shata Ikon Allah wanda Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar a 2006, amma takarda ba ta riƙe murya. Muryar shekarun ƙarshe, mai kyanta da mai sankararta, tana cikin kwalaye da akwatunan ƙarfe a ɗakunan haya na Agege da Idi-Araba da makamantansu, ba suna ba shekara. Iskar Ikko kuwa mai laima ce, zaren kaset kan yi fumfuna ya manne cikin 'yan damuna.

Abin mamaki, jerin sunayen nan da aka fi tsana shi ne kaɗai zai iya nuna gari da shekara. In an ji ya ambaci wani hakimi da sabon rawaninsa, ko wani gwamnan soja, ko Jihar Katsina wadda sai a 1987 aka ƙirƙiro ta, to an sami bakin zaren. Waɗanda za su iya wannan tsinta kuwa su ne dattawan nan masu gardama, na wannan ɓangare da na wancan, domin su suka san wane ne wane, su suka san direban da ya kawo kaset ɗin da kuma daga inda ya taso. Kowace shekara teburin mai shayi na rage kujera.

In dattijo ya rasu, 'ya'yansa da aka haifa a zango, waɗanda Yarabancinsu ya fi Hausarsu kaifi, Katsinancin Shata kuwa sai an fassara musu, sukan raba tufafi da agogo da rediyo. Kwalin kaset yakan yi kwana biyu a bakin ƙofa, sa'an nan 'yan jari-bola su zo su auna shi tare da tsofaffin robobi.